Saiwar da Na Shanya a Kan Kwano

Har yau idan na ji ƙanshin ɗanyar saiwa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗan ɗaci, sai in ga kaina a ɗakin kakata a unguwar Dutsen Kura, a Minna.

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Bosso, na zaɓi in yi binciken kammalawa a kan saiwar tsiron nan rawaya, wadda Kaka take jiƙa wa masu ciwon shawara. So nake in gano ko da gaske tana ɗauke da sinadaran da ke kare hanta daga lalacewa. Kawuna, mai shagon magani a Sauka Kahuta, shi ya fara yi mini dariya.

"Shekara huɗu kina zaryar makaranta, ashe renon boka ake yi mana."

Na ce, "Kawu, ƙwayoyi da yawa a kan kantarka daga tsiro aka fara samo su."

Kaka ta sa aka tono mini saiwar. Ta ce in shanya ta a inuwa, cikin ɗaki, kada rana ta gan ta. Na ce to, amma a raina na sa maganar cikin camfin tsofaffi. Inuwa sai ta ci mako uku. Na baza ta a kan kwanon ɗaki, ranar Minna ta ƙeƙashe ta cikin kwana uku, ina ta jin kaina gwana.

A ɗakin gwaji akwai wani ruwa mai launin shunayya. Idan aka ɗiga masa abin da ke da ƙarfin kariya, sai ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa. Na ɗiga ruwan saiwata. Ya ɗan yi haske kaɗan, ya tsaya.

Malamina ya ce, "Saura wata biyu. Ki sake wani tsiron da aka san sakamakonsa, kada ki maimaita shekara."

Ranar Juma'a Kawu ya zo gaishe da Kaka, ya same ni a can. "An gama wasan?" in ji shi.

Kaka ba ta ko dube shi ba. Ni ta tambaya: "'Yar boko, a ina kika shanya ta?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke kika gasa ta, yanzu kuma kina so ta yi miki magana."

Na ɗago na ce wa Kawu ba a gama ba, ko zan maimaita shekara a kan wannan saiwar zan maimaita. Washegari na faɗa wa malamina haka: ba saiwar ce ta gaza ba, ni ce. Sai dai babu sauran saiwa, damina ta wuce, ƙasa ta yi tauri, dajin kuma yana can bayan gari. Bayan kwana biyu na tarar da buhu cike da ɗanyar saiwa a ƙofar Kaka. Ta ce, "Wani ne ya kawo."

Na yanka ta, na shimfiɗa a ƙarƙashin gadonta, na jira mako ukun nan cif. Da na sake ɗigawa, shunayyar ta janye a gaban idona kamar yadda asuba ke janye duhu. Ɓerayen gwajin da na ba su ruwanta ma, jininsu ya nuna hantarsu ta fi ta waɗanda ban ba su ba tsira daga lalacewa.

Ban gano maganin hanta ba, kuma har gobe mai shawara asibiti nake tura shi. Abin da na koya shi ne zafi na cinye sinadaran nan, kuma Kaka ta san haka tun kafin a haife ni. Ban ƙara jin kunyar ilimin da ba a rubuta shi ba.

Sai bayan rasuwar Kaka ne mahaifiyata ta gaya mini wanda ya kawo buhun. Kawu ne ya rufe shagonsa wuni guda, ya hau babur da galma, ya kuma roƙi Kaka kada ta faɗa mini. Har yau boka yake kirana, ni kuma ina amsawa.