Ranar da Dutse Ya Sa Hula

Kun san ƙamshin ɗanyar kuɓewa idan an yanka ta an baza a rana? Ba wani ƙamshi ne na a-zo-a-gani ba, amma ni ko a ina na shaƙe shi sai in ga kaina 'yar mitsitsiya, zaune a kan falalen dutse da tsumagiya ina korar awaki. Haka ta faru da ni a barandar gidanmu da ke unguwar Danau Kota a Kuala Lumpur, shekarar kullen korona, ina ɗauke da tsohon ciki.

Cikin nan ya hana ni cin komai. Shinkafar da maigidana ke sayo mini a kedai, wato shagon abincin da ke ƙasan beninmu, ko kallonta ba na son yi. Likita sai faɗa take yi wai ina ramewa. Abu ɗaya raina ke so, tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa irin ta kakata. Ga jirage sun tsaya, matar da ke kawo mana kayan miya daga Kano ta ce ko ƙwaya babu. Na ce to, ai ba a banza na tashi a hannun tsohuwa ba, ni zan shanya abata.

Ƙauyenmu a kwari yake, duwatsu sun sa shi a tsakiya. Kakata, wadda muke kira Inna, ita ke riƙe da miyar gidan kaf. Idan damina ta fara ja da baya, dawa ta sunkuyar da kai, sai ta tara matan gida kowacce da wuƙarta, a yanka kuɓewar da za ta kai mu wata daminar, a baza ta a falalen dutsen bayan gida. In ruwa ya taɓa ta, shi ke nan, ta yi yauƙi ta yi baƙi ta ruɓe, shekarar sai dai a yi ta shan kuka har ta ginshe mu.

A wurin Inna ruwan ƙarshen damina ba ɗaya ba ne. Na kan dutse marowaci ne, can sama yake zubarwa, mu dai sai mu ga rafi ya cika ya yi jajawur alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Namu na kwari ɗan gaggawa ne, bayan azahar yake zuwa da iska, ya sheƙa, kafin la'asar ya ɗauke. Na ukun kuwa labarinsa kawai take ji a bakin Baffa, ƙanin mahaifina, direban motar goro da ke zuwa Ikko. Ya ce a bakin teku ruwa wuni yake yi ya kwana, har tufafi su yi fumfuna a cikin akwati.

"Kai dai ka iya shara ta, ɗan nan," in ji Inna. "In haka ne, da me suke miya?"

Zaman Ikko ya sa Baffa ba ya rabuwa da laima ko da rana na tsaga ƙasa, shi ya sa Inna ta laƙaba masa Mai Laima. Ita dutsen gabas take kallo. Ta koya mini cewa in farin gajimare ya zauna a kansa, dutse ya sa hula ke nan, ruwansa ne shi kaɗai. In hular ta yi baƙi ta zamo har kafaɗarsa, to a kwashe shanya.

Wata shekara kuɓewa ta yi kyau ba kaɗan ba. An daɗe ba a ga hadari ba, Inna ta dubi sama ta ce damina ta yi sallama, ta sa aka baza ta shekarar gaba ɗaya a rana guda. Mata suka tafi gona roron wake. Aka bar ni da ita, sai Baffa da ke barci a ƙarƙashin motarsa.

"Inna, dutse ya sa hula," na ce.

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Tasa ce, bar shi da abarsa."

"Inna, baƙa ce fa!"

Kafin ta juya wata iska mai sanyi ta gangaro da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wallahi ban taɓa sanin Inna ta iya gudu ba sai ranar. Tana salati tana tattarawa da hannu biyu, amma ina! Ta cire mayafinta ta shimfiɗa, bai rufe ko kusurwa ɗaya ba. Sai ga Baffa ba takalmi, yana jan tamfol ɗin motarsa. Muka lulluɓe shanyar, kowa ya kwanta rub da ciki a gefe guda don kada iska ta ɗaga. Ruwa ya dinga dukan bayanmu. Ina cikin rawar ɗari na ji Inna ta fashe da dariya.

"Mai Laima, yau ka yi rana!"

"Inna, ai wannan a Ikko yayyafi ne."

"Rufe mana baki ka danne gefenka!"

Kuɓewar nan ta tsira. Duk shekarar, in an zuba miya, Baffa ne ke samun babban ludayi.

To ni da na san wannan duka, kun san abin da na yi a Kuala Lumpur? Na yanka kuɓewata a watan da ake shanya a gida, don jikina ya gaya mini lokaci ya yi. Na manta a nan lokacin ne ruwa ke ƙara ƙaimi. Wata ƙawata da ke karatu a gaɓar tekun gabas ta ce sun manta kamannin rana, ashe Baffa bai yi ƙarya ba. Maƙwabciyata da danginta ke noman kayan lambu a kan tsaunuka ta ce can hazo ne da yayyafi. Mu kuma a kwari muke, rana da safe, ruwa bayan azahar. Shanyar farko ta ruɓe, na zauna na sha kukana kamar yarinya.

Da na yanka ta biyu sai na tuna daga tagarmu ana hango duwatsun wajen Gombak. Na kira 'yata, wadda in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ko Malayanci, na nuna mata su, na gaya mata abin da Inna ta gaya mini. Ta ce "Boleh, Mama," wato "to" da Malayanci, ta koma wasanta. Ban zaci ta riƙe ba.

Ana saura kaɗan kuɓewar ta gama bushewa, barci ya sace ni bayan sallar azahar. Sai na ji ana jijjiga ni.

"Mama! Mama! Dutse ya sa hula, baƙa ce!"

Maigidana, da ke ɗaukar darasi daga gida saboda kulle, ya bar malaminsa yana ta bayani a kwamfuta ya ruga baranda. Ya kwaso farantan shanyar, na ƙarshen ya rufa masa jallabiyarsa, ya shigo daga shi sai singileti, ruwa na bin ƙeyarsa. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar da na kaɗa miyar nan malmala biyu na tashi da su, na siɗe kwano, maigidana na kallona yana ta hamdala. Yanzu waya ce ke gaya wa kowa yaushe za a yi ruwa, Inna kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa ganin teku ba, ba ta kuma san za a haifi yarinyar nan ba. Amma cikakkiyar maganar Hausa ta farko da ta fito daga bakin 'yata, ta Inna ce.