Hular Kwano a Kan Hula

Tuƙin motar gwamnati na yi har na yi ritaya, shi ya sa a gidanmu na Unguwar Kanawa duk maganar mota ni ake nema. Ɗan ƙanwata, ma'aikaci mai mata da 'ya'ya biyu, ya shiga cikin masu tseren mota ranar Lahadi a wani fili can bayan Mando. Uwarsa ta yi faɗan duniya, bai bari ba. Sai ta ce mini, "Yaya, tunda ya ƙi ji, raka shi ya sayi hular kwano ta kirki. Kansa na damƙa maka."

A shagon sayar da su ya ɗauki wata sabuwa, ya nuna mini tambari a cikinta. "Kawu, wannan ta tseren mota ce, an gwada ta."

Da ya sa, kumatunsa suka taru. Na yi dariya. "Dubi bakinka kamar na kifi! Hularka kuma fa, aljihu za ka cusa ta? Magidanci da kai za ka tsaya cikin mutane kai ba hula?"

Na jawo wata babba ta gwanjo, na ƙwanƙwasa ta da yatsa yadda ake gwada tukunya. Ta yi ƙara mai daɗi. Ya ɗora ta a kan hularsa, ta zauna har da wurin shan iska. Mai shago ya ce, "Alhaji ya san kaya!" Ya san ƙarya yake. Sana'arsa ce, ya san ta babur ce, ya san soson cikinta ya riga ya mutu, amma ya tsaya yana zuga ni. Har yau in na wuce shagon nan raina ɓaci yake.

Ita muka saya. Lahadi ta uku motarsa ta kife a kwana. Hular kwanon ta fice tun juyin farko, ta gangara ita kaɗai. Allah ya yi da sauran kwana, amma kunnensa na hagu ya daina ji. Likita ya ce ba taurin baya ke tsare kai ba, soson ciki ne, kuma dole hular ta kama kai tsam. Ƙanwata ta ci gaba da gaishe ni kamar kullum. Da ma ta zage ni.

Abin takaici, je ka filin nan yau, za ka ga manyan mutane masu digiri sun ɗora hular kwano a ka, igiyar haɓa tana lilo. Wa suke yi wa ado?

Da ɗan ƙanwar tawa ya warke ya ce zai koma tseren. Na bi shi wani shagon, na cire masa hula da hannuna. Ya sa mai tambarin, na ɗaure igiyar, na kama ta hannu biyu na jijjiga. Ba ta motsa ba, kansa ne ya bi ta. Na ce ya yafe mini.

Ya cire ta, ya juyo mini da kunnen dama. "Me ka ce, Kawu?"

Na sake faɗa da ƙarfi, duk shagon suka ji.