Libarba ko Igwa

A shekarar 2012 na samu aikin tafinta a wani sito na kamfanin jigilar kaya da ke Dubai Investments Park, bisa sharaɗin gwaji. Manajan wani dattijo ne Ba'amurke, kuma ya gargaɗe ni cewa duk ranar da fassarata ta kori mai kaya, ranar zan bar aiki.

Cikin makon farko wata Hajiya 'yar kasuwar Kano ta zo duba atamfofinta, ta tarar an jera su kusa da jarkokin turare masu yoyo. Ba ta jira kowa ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta hau kan kwalaye, ta riƙa ba ma'aikata umarni da Hausa da gutsuren Larabci har aka sake jeren kaf. Dattijon yana tsaye yana kallo, sai ya girgiza kai, ya kira ta da wata kalmar Turanci: pistol.

Ban taɓa jin an kira mace mai shekarun mahaifiyata da sunan makami ba. Na nemi bayani cikin ladabi, ya ce tsohuwar magana ce ta garinsu. Haka ake kiran kakarsa, mace mai kuzari wadda ba a juya ta. Ban gamsu ba. A kunnena zagi ne.

Hajiya ta sauko tana haki. "Ɗan nan, me ya ce da ni? Kada ka rage ko harafi, in ba haka ba yau zan kwashe kayana."

Kalmar "jaruma" ta zo mini har bakina, amma ba ita ya faɗa ba, kuma ba a koya mini sauya magana ba. Na sunkuyar da kai na ce ya ce ita bindiga ce.

Na fara tunanin tikitin komawa gida. Can sai ta tambaya wace iri. Na ce ƙarama, libarba, irin ta aljihu.

Nan ne ranta ya ɓaci.

"Ta aljihu? Ni? Gaya masa igwa ya gani."

Na fassara. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce ya karɓi gyara. Hajiya ta warware mayafinta, ta ce kayan su zauna, kuma daga yau ba ta yarda wani ya yi mata tafinta a siton nan ba sai ni.