Ranar da Bijimin Baba Ya Kwanta

Autarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta iya kallon yankan kaza. Ranar Sallah ɗaki take shigewa ta toshe kunne, mu kuwa mu yi ta tsokanarta, muna cewa a garke aka tsinto ta. Ko a jikinta. Ita ta raini bijimin huɗar Baba tun yana maraƙi, da dusa da ruwan kanwa, har ya san takunta daga zaure.

Shekarar da aka kai ta gidan miji a Kalgo, ruwa ya sauka ana shirin huɗa, bijimin ya tsinke igiya ya ci gyauron dawa a bayan Gwandu. Kafin azahar ciki ya kumbura kamar ganga, ya kwanta. Maƙwabta suka ce a yanka tun da sauran numfashi. In ya mutu da kansa ya zama mushe, ba nama, ba abin da Baba zai kama ya maye gurbinsa, gonarmu ta hanyar Malisa kuwa sai dai fartanya. Mahauci har ya iso. Baba, wanda ba ya musu da kowa, ranar ya kafe.

"Ba mai taɓa shi sai ɗiyata ta taho," in ji shi.

Ni na yi mata waya, raina a ɓace. Na san halinta, za ta zo ta hana, mu yi asarar duka.

Da la'asar ta diro daga kabu-kabu, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta durƙusa cikin taki da zanen fitarta, ta ɗura masa man gyaɗa, tana shafa wuyansa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Dabbar da tun rana ba ta motsa ba ta ɗago kai ta aza a cinyarta. Mata suka fara hamdala, ni ma na ɗauka tashi zai yi. Ita kuwa ta kara kunne a haƙarƙarinsa, ta daɗe a haka.

"Baba, a yanka shi. Yanzu."

"Mi kinka ce?"

"Wahala shika sha, Baba. Kuma ba ni bari ka tashi hannu wofi."

Ita ta juya kansa alƙibla. Ta rufe masa ido da mayafinta, ta riƙe shi gam, ba ta kau da kai ba har ya daina shure-shure. Wallahi har yau ban san inda yarinyar nan ta samo wannan zuciyar ba.

Da aka fara fiɗa sai muka nemi Baba muka rasa. Ita ta san inda yake. Ta wanke jinin hannunta, ta zagaya bayan rumbu, ta tarar da tsohon yana kuka. Ta zauna kusa da shi tana ba shi haƙuri.