Ƙullin da Na Ɓoye wa Malama Hadiza

Har yau ban manta da Larabar da aka zaunar da ni gaban wata farfesa ta cikin kwamfuta ba. Ku da nake koya wa saƙa kun sha tambayata abin da na yi a Malesiya ban da wankan jego. To ku gyara zama.

Na je ne a shekarar da korona ta rufe duniya. Matar babban ɗana ta haihu a Kuala Lumpur, inda yake karatu, aka yi mini biza ta ɗan lokaci. Kafin a yi arba'in sai aka rufe hanyar jirgi, aka ce kowa ya zauna inda yake. Gidanmu a Bukit Jalil yake, hawa na goma sha huɗu. Tsuntsaye ma a ƙasanmu suke shawagi.

A hawanmu akwai wata baiwar Allah, Malama Hadiza, 'yar Gusau, gwamnati ta turo ta neman digirin dakta. Karatunta a kan labaran mutanen Girka ne na zamanin da. Bayan ƙaramar Sallah ta tsaya a bakin ƙofarmu, takunkumi a fuska, ta gaishe ni har ƙasa.

"Iya, an ce ke masaƙiya ce."

Na ce, "Tun kafin a haifi uwarki."

Sai ta ba ni labari. Mutanen nan suna da gumaka rututu, maza da mata, masu gaba da juna kamar maƙwabtan da suka haɗa rijiya. Na yi a'uziyya, na ce ta ci gaba, tatsuniya ba ta karya alwala. Ta ce jarumansu maza ne, su tafi yaƙi, mawaƙi ya lissafa wanda suka kashe har da sunan ubansa. Mata kuwa suna gida gaban masaƙa. A cikinsu akwai wadda mijinta ya daɗe bai dawo ba, manema suka cika mata gida. Ta ce su bari ta gama saƙa likkafanin surukinta. Kullum ta saƙa, kullum ta warware a ɓoye, har shekaru.

Abin da Malama ke son sani shi ne, zare zai jure wannan wahala? Da ta yi niyyar zuwa Turai ta ga irin masaƙar, annoba ta hana. Wata uku ya rage mata ta miƙa babin, in ba haka ba tallafin karatunta ya yanke, ta koma gida hannu rabbana.

Aikin nasu yana da tsari. Aka karanta mini takardar yarda da Hausa, na dangwala yatsa. Sama da Malama akwai farfesarta, wata 'yar Malesiya, ita ke cewa a wuce ko a sake. Malama ta nuna mini hoton masaƙar mutanen Girka a jikin wata tsohuwar tukunya: a tsaye take kamar tamu ta mata, sai dai su duwatsu suke ratayawa a ƙasan zare. Muka haɗa tamu da ƙarfen shanya, gorunan ruwa suka zama duwatsu. Ulu kuwa ta waya aka saya, mai babur ya ajiye a ƙasa wajen masu gadi.

Da safe in saƙa taƙi ɗaya, bayan La'asar in warware, gobe in sake da zaren nan dai. Doka ta hana shiga gidan wani, don haka sau biyu a rana nake jawo masaƙar bakin ƙofa, Malama ta ɗauki hoto, ta rubuta abin da ta gani.

Rana ta huɗu zaren ya fara gashi. Ta biyar ya tsinke.

Kun san abin da aka koya mana. Zare in ya tsinke, ba a kai wa mai kaya kuka. Ki kwance bakin nan da bakin can, ki jiƙa da yawu, ki murza su a cinya har su zama ɗaya, ki tura mahaɗar ƙarƙashin zaren kwance, ki buga da akwasha. Kakata da maficin kaba take bugun hannuna in ta ga ƙulli a gwado. Haka na yi, ban ce wa kowa komai ba. Me zan ce? Yarinya ta ba ni amanar aiki, in nuna mata ɓaraka?

Kullum ta leƙo ta ce, "Iya, lafiya lau zaren?"

In ce, "Ga shi kina gani."

Mako uku muna haka. Ta rubuta cewa zare bai yi komai ba, ta gina babinta a kai, ta aika.

Ranar Larabar aka kawo kwamfuta bakin ƙofa, aka ɗora a kan kujera. Farfesa ta bayyana da farin mayafi da tabarau, ta yi mini sallama irin tamu. Malama na fassara. Ta yaba saƙar, sannan ta ce abu ɗaya ya ɗaure mata kai. Ita ma kakarta masaƙiya ce a ƙauyensu, ba ta taɓa jin zaren da aka warware sau ashirin bai tsinke ba.

Na ji daɗi an zo inda za a san hannuna. Na ce, "Gaya mata ya tsinke ya fi a ƙirga. Duk na haɗe su, ko ɗaya ba a gani."

Malama ba ta fassara ba. Ta dube ni ta saman takunkumi.

"Iya! Tsinkewar ai ita nake nema!"

"Ke kika ce in saƙa."

"Na tambaye ki kullum."

"Kin tambaye ni ko lafiya. Da na bar shi ba lafiya, sai ki ce wa kika ɗauka aiki?"

Ta ce, "Inna lillahi. Babina ya rushe."

Farfesa ta matsa sai an gaya mata. Da ta ji, ta cire tabarau. Sannan ta ce a miƙa wa Malama saƙar ta nemo mahaɗa ɗaya. Malama ta juya gaba, ta juya baya, ta haska da waya, ba ta samu ba. Aka dawo mini da ita. Na rufe ido na bi da ɗan yatsa, ina cewa ga ɗaya, ga ɗaya, ga wata.

Farfesa ta tambaya, a cikin gida wa zai gane an yi haka? Na ce duk macen da ta taɓa kama zare, daga ɗaki ma za ta ji ƙarar bugun ta canza. Namiji kuwa? Na ce wanda bai taɓa zama gaban masaƙar mata ba, sai ya shekara yana kallo. Na ƙara da cewa matar nan ta Girka ba ita kaɗai ta riƙe sirrinta ba. Akwai masu kaɗa mata sabon zare, akwai masu share gashin ulu daga ƙasa kafin baƙi su shigo. Mawaƙin bai lissafa wannan aiki ba don bai gan shi ba.

Farfesa ta ce, "Boleh." Wato ya yiwu. Amma ba ta ɗaga wa Malama ƙafa ba. Ta ce a jefar da babin, a sake gwajin tun daga farko, a rubuta kowace tsinkewa, kuma ranar miƙawa tana nan inda take.

Muka sake. Wannan karon duk inda zare ya tsinke sai in ƙulla shi da jan zare, ƙato, a fili. Ban taɓa yin saƙa mai muni irin wannan ba, in na dube ta sai in kau da kai. Malama ta rame a makonnin nan, gaisuwarta ma ta gajarce. Ta miƙa babin ana saura kwana biyu, aka karɓa. Hoton mummunar saƙar ne a ciki, mai kyan ba ta shiga ba.

To ga abin da na ɗauko. Sana'armu ta koya mana cewa gwanar mace ita ce wadda ba a ganin inda ta sha wahala, shi ya sa masu ba da labari suke zaton gwado haka ya faɗo daga sama. Ban ce ku daina ɓoye mahaɗa ba, mai saye kyau ya zo nema. Amma in wani ya tsaya ya tambaye ki yadda zare ya yi, kada ki ce masa ga shi kana gani. Ki kama yatsansa ki ɗora a wurin.