Ruwan da Muka Ɗura wa Tarakta

Yayana ke tuƙa taraktar wani ɗan kasuwa, yana kwaso duwatsun gini daga hanyar Gaffati zuwa unguwar Zango a Damagaram. Ni kuwa, da na rasa aikin biro, wato na ofis, sai na riƙa binsa lodi. Rairayin hanyar nan ba mutunci gare shi ba. Da an cika rimok, wato tirelar da tarakta ke ja, tayoyin baya su hau juyi a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Maigidan ya rantse in muka sake kafewa zai karɓe makulli, ga Yaya da iyali.

Wani mai faci a Birni ya ce a ɗura wa tayoyin ruwa, nauyin zai sa su kama ƙasa. To, ruwa a Damagaram da rani, wa zai ba ka ka shayar da taya? Sai muka nufi wani kududdufi a tsakanin duwatsun, wanda ba ya ƙafewa, ko makiyaya ba sa kai dabba wurin. Wata tsohuwa mai fasa tsakuwa ta ajiye gudumarta ta ce, "'Ya'yana, ruwan nan ba a kai shi gari." Na ce, "Haba Inna, ai ba sha za mu yi ba." Haushi ma ta ba ni.

Wallahi dabarar ta ci. Tarakta ta riƙa keta rairayi da cikakken lodi, ko gezau.

Amma da azahar, mun kashe inji muna hutawa a inuwa, sai mu ji ruwan yana motsi cikin tayoyin, culum, culum, alhali komai a tsaye yake. Bayan nan ƙafafun Yaya suka fara kumbura. Takalmi ya ƙi shiga, taka birki ya zama aiki. Likita ya duba, bai ga komai ba. Tsoro ya kama ni sosai, na matsa masa mu mai da ruwan mutane, makullin ya daɗe bai tafi ba.

Da rana tsaka muka koma bakin kududdufin. Na durƙusa na kwance bakin tayar farko, na kauce don kar ruwa ya feshe ni. Iska ce kawai ta fito. Na buɗe ta biyu, ko ɗigo babu.

Yaya yana zaune bisa kujerar tarakta. Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, ya ce, "Zo ka kama ni, ba zan iya sauka ba."