Ranar da Doña Eufemia Ta Koyi Jira

A garin Ticul na ƙasar Mexico, in mutum ya ce daga wurin Doña Eufemia Canul yake, abin da ake fara tambayarsa shi ne ko ya yi kuka. Shekara talatin da 'yan kai tana tausa, kuma ita da mutanen garin bakinsu ɗaya: tausar da ba ta sa ka ihu ba, ba ta isa inda ciwon yake ba. Babban yatsanta kuwa sai ka ce taɓarya.

Ana nan sai ciwon gaɓoɓi ya kama aminiyarta Nicasia, mai ɗinkin furanni a wuyan riga. Likita ya ce jikinta ne ke yaƙar kansa, ya ɗora ta a kan magani. Ga shi ta yi wa jikarta alkawarin rigar rawar bikin gari, saura wata biyu. Eufemia ta ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ta kama yatsun nan da suka kumbura suna huci, ta murza su yadda ta saba. Kwana huɗu Nicasia ba ta riƙe cokali ba, balle allura.

"Ciwon ne ke fita," in ji Eufemia.

"To ya fita da hannun gaba ɗaya, ƙawata. Na gode, kada ki ƙara."

 Ran Litinin dai an ga Eufemia a motar zuwa birnin Mérida, da rigarta ta zuwa coci. A can wata ma'aikaciyar gashin ƙashi mai suna Yamili ta saurari abin da ya faru, ta zaunar da ita.

"Inna, kin san farar yanar nan da ke manne da naman kaza? Mu ma muna da ita. In ciwo ya daɗe, sai ta ɗaure. Gaɓar da ke zafi, ki bar ta. Ki ɗora tafinki a damtse, ki danna kaɗan, ki jira."

"In jira me?"

"Ta saki da kanta."

Eufemia ce fa aka ce ta jira, matar da ba ta taɓa jiran tukunya ta tafasa ba tare da ta buɗe murfi sau uku ba. Sau shida tana komawa Mérida.

Da kumburin ya lafa, ta je gidan Nicasia da lemo a kwando, ta roƙi hannu ɗaya kawai. Ta ɗora tafi. Ta jira.

"Kin fara ne, ko addu'a kike?"

"Rufe min baki."

"In barci kike ji, ga ragar kwanciya can a rataye. Tsufa ba laifi ba ne."

Eufemia ta cije. Can sai ta ji wani abu ya yi laushi a ƙarƙashin tafinta, kamar ƙullun masara da ya sha ruwa. Nicasia ta dubi yatsunta, ta motsa su a hankali, ta ce gobe ma ta zo, in ba ta da abin yi.

Ciwon bai tafi ba, maganin likita ma yana nan. Amma fure biyu Nicasia take fitarwa kowace safiya, ranar da jiki ya yarda. Jikar tata ta yi rawarta da rigar. Layin furannin ƙasan rigar ɗaya ne maimakon uku, kuma ba wanda ya lura sai da Nicasia ta bi mutane tana nuna musu.